Malam Aminu Kano: Ɗan Gidan Alƙalai Da Ya Nemi A Shata Wa Mulki Iyaka

A Arewacin Najeriya ta shekarun 1950, ba sai mutum ya yi sata ko ya zubar da jini zai kwana a gidan yari ba. Ya isa a ce ya tara jama'a a ƙofar gidansa ba tare da takardar izinin En'e ba, ko ya ambaci hakimi a bainar jama'a da lafazin da fada ba ta so, ko ya ƙi tuɓe takalmi ya faɗi gaisuwa. Ɗan dokan da zai kama shi na En'e ne, alƙalin da zai yanke masa hukunci En'e ce ke biyansa albashi, kurkukun da za a kai shi ma nata ne. Hukumar da ta ce an yi mata laifi ita ce mai kamu, ita ce mai shari'a, ita ce kuma mai tsaro.

Wannan ƙulli shi ne Malam Aminu Kano ya ƙarar da mafi yawan rayuwarsa yana neman a warware. An fi tunawa da shi a matsayin jagoran talakawa, amma idan aka bi diddigin gwagwarmayarsa za a tarar tana komawa ga tambayoyi biyu: shin talaka yana da ikon buɗe baki a gaban mai mulki, kuma a ina ikon mai mulkin ya tsaya?

Tasowa a gidan shari'a

An haifi Muhammadu Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ranar 9 ga Agusta, 1920. Zuriyarsu Fulani ne Genawa, waɗanda aka sani da malanta da alƙalanci. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali, kuma ya taɓa riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Kano na wucin gadi. Mahaifiyarsa, Rakiya, mace ce mai karatu, a wajenta ya fara ɗaukar allo. Saboda haka tun yana yaro ya san yadda ake zaman shari'a, ya kuma ga tazarar da ke tsakanin abin da littattafan fiƙihu suka shimfiɗa da abin da ake yi idan fada tana da buƙata a cikin ƙara.

Ya yi elementare a Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, sannan a 1937 ya shiga Kwalejin Kaduna, wadda ta gaji Kwalejin Katsina, daga baya kuma ta koma Zariya ta zama Barewa. A can ne ya fara rubuta wasannin kwaikwayo yana shirya su tare da 'yan'uwansa ɗalibai. A cikinsu yakan yi shaguɓe ga cin hanci, da zamba a kasuwa, da girman kan masu sarauta. Ya gane da wuri cewa abin da ba a iya faɗa wa babba ido da ido, ana iya nuna masa shi a dandali jama'a na dariya.

Bauci da majalisar muhawara

Da ya kammala karatu a 1942, aka tura shi koyarwa Midil ta Bauci. A nan ya zauna tare da mutum biyu da suka yi tasiri a rayuwarsa. Na farko Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutum mai taka-tsantsan da ke ganin gyara sai a hankali. Na biyu Malam Sa'adu Zungur, malami, mawaƙi, mai kaifin harshe, wanda ya zame wa Aminu uban ɗaki a fagen tunanin siyasa.

A 1943 aka kafa wata majalisar tattaunawa a Bauci, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da jami'an Turawa ke haɗuwa su yi muhawara, Aminu kuma ya riƙe mata sakatare. Turawa sun yarda da ita ne bisa zaton za ta zama wajen da matasa 'yan boko za su huce haushinsu a gaban manya. Sai muhawarar ta zarce inda aka zata. Aka fara tambayar hikimar mulkin Turawa ta hannun sarakuna, har aka taɓo batun yadda ake yanke albashin sarki. Ba a jima ba hukuma ta rufe majalisar. Darasin da Aminu ya ɗauka shi ne, 'yancin maganar da mai mulki ya ba ka aro, ranar da ya ga dama zai karɓe abinsa.

A waɗannan shekarun ne ya rubuta wata ƙasida da Turanci da ta siffanta Kano a ƙarƙashin gudumar mulkin danniya na En'e, yana kuma aika rubuce-rubuce ga jaridun Kudu, musamman West African Pilot ta Dakta Nnamdi Azikiwe, tunda a Arewa babu jaridar da ba ta ƙarƙashin idon gwamnati.

A 1946 ya sami gurbin ƙaro ilimi na shekara guda a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Ya tarar da Ingila a hannun jam'iyyar Leba, ya yi cuɗanya da 'yan gurguzu masu sassauci da ɗalibai daga sauran ƙasashen da Ingila ke mulka, a daidai lokacin da Indiya ke dab da samun 'yanci. Salon Mahatma Gandhi na bijirewa ba tare da makami ba ya shiga ransa. Wani abu kuma ya tsaya masa: a birnin Landan ɗan ƙasa na sukar Firayim Minista a bakin titi ya koma gida ya yi barci, alhali Turawan nan ne ke tsare wa En'e ikon ɗaure wanda ya soki dagaci.

Da ya dawo, ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa a 1948. Hukuma ta ɗauke shi daga Bauci ta kai shi Maru, cikin Lardin Sakkwato na wancan lokaci, ya shugabanci makarantar horon malamai. Can ma bai daina saɓani da hukumomi ba. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati, domin dokar aiki ta hana ma'aikaci shiga siyasa, shi kuwa ya riga ya zaɓi inda zai tsaya.

NEPU da farashin buɗe baki

Ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Cikinsu akwai Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Maitama Sule, Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Aminu na tare da su a zuci tun farko, ya fito fili bayan ya bar aiki, a 1953 kuma ya zama shugabanta. Alamarta tauraro, kirarinta sawaba. Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, wadda shi ma yana cikin waɗanda suka assasa ta tun tana ƙungiyar al'adu, ta raba gari da 'yan NEPU, ta zama jam'iyyar sarakuna da manyan ma'aikatan En'e.

Zaɓen 1951 ya nuna yadda aka gina tsarin. Ba zaɓe ne na kai-tsaye ba. Jama'a na zaɓen wakilai a unguwa ko ƙauye, su kuma su zaɓi na sama da su, hawa-hawa har zuwa matakin lardi. NEPU ta yi rawar gani a matakan farko a birnin Kano da wasu garuruwa. Amma doka ta ba En'e damar cusa nata mutanen, kashi 10 cikin 100, a matakin ƙarshe. Da aka kammala, NEPU ba ta sami kujera ko ɗaya a Majalisar Arewa ba. A 1952 jam'iyyar ta fitar da Sanarwar Sawaba, wadda ta bayyana cewa akwai saɓanin muradi tsakanin masu riƙe da En'e da talakawa, kuma talaka da kansa zai ƙwaci kansa ta hanyar ƙuri'a.

Abin da ya biyo baya shi ne babi mafi ɗaci a tarihin 'yancin magana a Arewa. Lacca sai da izinin En'e, En'e kuwa ta abokan hamayya ce. Laifin zagin sarki ko raina hukuma ba shi da tsayayyar iyaka, don haka kowace suka na iya shiga cikinsa. Lauya ba ya tsayawa a kotun alƙali. An yi wa 'yan NEPU bulala, an ɗaure su, an tsauwala musu haraji, an kore wasu daga garuruwansu. A Kano an sami gungun 'yan daba da ake kira 'Yan Mahaukata, masu far wa tarukan jam'iyyar. Hajiya Gambo Sawaba, jagorar matan NEPU, ta sha ɗauri sau da dama saboda tara mata da yi musu jawabi. Shi kansa Malam Aminu ya gurfana gaban kotu a kan abin da ya rubuta. Mafi yawan waɗanda suka ɗanɗana wannan azaba teloli ne, da mahauta, da 'yan koli, da malaman zaure, da manoma, waɗanda tarihi bai riƙe sunayensu ba.

Su ma 'yan NPC suna da hujjarsu. Suna ganin sarauta ita ce ginshiƙin da ke riƙe da Arewa, idan aka girgiza ta a lokacin da Kudu ta yi nisa a ilimin boko, yankin zai wargaje ya faɗa hannun wasu. Ƙawancen NEPU da jam'iyyar NCNC ta Azikiwe ya ƙara ba su abin faɗa, har aka riƙa jifan 'yan NEPU da rashin biyayya ga shugabanni, wani lokaci ma da fita daga addini.

A nan ne tarbiyyar gidan malamai ta yi wa Aminu rana. Bai tsaya ga littattafan Turawa ba, ya koma ga na masu jihadi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa miyagun al'adun sarakunan da ya yaƙa, har da karɓar jangali da gaisuwa da cin dukiyar talakawa. Ƙanensa Abdullahi na Gwandu kuwa a Kano ya wallafa Liya'ul Hukkami, littafin da ya shimfiɗa wa masu mulki sharuɗɗa da haƙƙoƙin da ke wuyansu. Aminu ya riƙa nuna wa jama'a, a lacca da wajen tafsiri, cewa gadon sarautar da ake taƙama da shi an kafa shi ne a kan sharaɗin adalci, kuma wanda ya tambayi sarki dalili bai yi bidi'a ba. Wannan ya sa saƙonsa ya shiga zaure da kasuwa, inda Turancin 'yan boko ba ya kaiwa.

Daga dandalin lacca zuwa teburin tsarin mulki

Malam Aminu ya wakilci NEPU a tarukan tsarin mulki da aka yi a Landan a shekarun 1950. Buƙatun jam'iyyarsa a fili suke: zaɓe na kai-tsaye, ƙuri'a ga mata, raba kotuna da 'yan sanda daga hannun En'e, da rubuta haƙƙoƙin ɗan ƙasa a cikin tsarin mulki. An sami wasu, an rasa wasu. Hukumar Willink, wadda ta binciki fargabar ƙananan ƙabilu, ta ba da shawara a 1958 a sanya babin haƙƙin ɗan Adam, kuma ya shiga tsarin mulkin 'yancin kai na 1960. A Arewa, wani kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat, ya share fagen rubutacciyar dokar laifuffuka da ta fara aiki a 1960, wadda ta rage wa alƙalai damar hukunta mutum a kan laifin da ba a rubuce yake ba. Matan Arewa kuwa aka ci gaba da hana su ƙuri'a.

Rubutu a takarda bai wadatar ba. Wata dokar Arewa ta 1958 ta haramta sa yara cikin harkar siyasa, kuma 'yan hamayya ne suka fi jin zafinta. Da aka ƙalubalance ta a shari'ar Cheranci a 1960, bisa hujjar ta tauye 'yancin magana da taro, Babbar Kotu ta ce dokar na kan daidai. Tsarin mulki ya ba da haƙƙi da hannun dama, ya kuma bar wa gwamnati ƙofar taƙaita shi da sunan zaman lafiya da tarbiyya.

Bayan shan kaye a zaɓukan 1954 da 1956, Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1959. Sai ya tsinci kansa a tsaka mai wuya. NCNC, ƙawar NEPU, ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC a Legas, shi kuma ya zama mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati, ya kuma wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Yana zaune a bencin gwamnati a Legas, magoya bayansa na shan ɗauri a hannun jam'iyyar gwamnatin a Arewa. Wasu daga cikin mabiyansa ba su ji daɗin haka ba. A zaɓen 1964 ya rasa kujerarsa.

Zama da sojoji

Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 ya kawo ƙarshen Jamhuriya ta Farko, sojoji kuma suka rushe jam'iyyu, har da NEPU. A 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasa zuwa jihohi 12, ya naɗa Malam Aminu Kwamishinan Sadarwa na Tarayya, a 1971 kuma ya koma ma'aikatar lafiya, inda ya zauna har 1974.

A wannan zamani ne aka cika da yawa daga cikin buƙatun NEPU. An soke kotunan sarakuna, kotunan alƙalai suka koma ƙarƙashin sashen shari'a na jihohi, 'yan doka da gidajen yarin En'e kuma suka koma hannun gwamnatin tarayya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kammala rushe En'e, a shekarar ne kuma matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a. Abin lura shi ne, abin da ƙuri'a ta gaza kawowa, dokar soja ce ta kawo shi, kuma mutumin da ya yi suna wajen neman a iyakance iko ya yi shekara bakwai a cikin gwamnatin da ba majalisar da ke taka mata burki. Masu kare shi na cewa ƙasa na cikin yaƙin basasa, haɗin kanta ne a gaba. Masu sukarsa na ganin nan ne ya yi sassauci. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne, ya fito daga ofis bai tara dukiya ba.

PRP da jarrabawar ƙarshe

Ya shiga majalisar da ta tattauna tsarin mulkin 1979. Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, ya fara zama da waɗanda suka kafa NPN, sannan ya janye ya kafa PRP mai alamar mabuɗi, tare da Sam Ikoku da wasu 'yan ra'ayin sauyi. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta nemi hana shi takarar shugaban ƙasa a kan batun takardun haraji, ya garzaya kotu, ta wanke shi. A zaɓen Agustan 1979 ya zo na huɗu da ƙuri'a sama da miliyan 1.7, ya lashe Jihar Kano. PRP ta kafa gwamnati a Kano da Kaduna, Gwamna Abubakar Rimi da Gwamna Balarabe Musa kuma suka soke haraji da jangali, waɗanda suka daɗe suna zama sandar dukan talakan da ya ƙi bin ra'ayin hakimi.

Nasarar ba ta yi tsawon rai ba. Jam'iyyar ta dare biyu a kan yadda za a yi hulɗa da gwamnatin Shugaba Shehu Shagari da kuma taron gwamnonin hamayya. 'Yan Taɓo suka tsaya tare da Malam, 'yan Santsi suka bi gwamnonin, uwar jam'iyya kuma ta kori gwamnonin nata biyu. Matasan da ya koya wa tambayar shugaba suka juyo da tambayar kansa, har wasunsu na zargin jagorancin jam'iyya da rashin jure saɓani. A Yunin 1981 Majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa. A watan Yuli, tarzomar da ta biyo bayan takardar tuhumar da gwamnatin Kano ta aika wa Sarki ta ci ran Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Waɗannan shekaru sun yi wa Malam nauyi.

Yana shirin sake takara a 1983, har ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiya, sai ajali ya riske shi ranar Lahadi, 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara 62. An binne shi a gidansa na Gwammaja, gidan da a yau ake kira Mambayya, wanda ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Ya bar littattafai, ciki har da Motsi Ya Fi Zama da tarihin rayuwar Sa'adu Zungur.

Abin da ya rage

Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na birnin duk suna ɗauke da sunansa, kuma da wuya a sami ɗan siyasar Arewa da ba ya jingina kansa da shi. Sai dai gadon nasa ya fi sauƙin ambato a kan aiki da shi. Tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da 'yancin faɗin albarkacin baki a sashe na 39, da 'yancin taro a sashe na 40. Duk da haka, sai a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa tilasta wa jama'a neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulki, wato fiye da rabin ƙarni bayan 'yan NEPU sun fara shan ɗauri a kan takardar izinin lacca. Sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 ya zama hanyar tsare 'yan jarida da masu rubutu a kafafen sada zumunta, har sai da aka yi masa gyara a 2024. Har gobe akan kama matashi a kan ya soki gwamna, a riƙe shi kwanaki kafin ya ga alƙali.

Malam Aminu bai taɓa zama gwamna ko shugaban ƙasa ba, kuma zaɓukan da ya faɗi sun fi waɗanda ya ci yawa. Amma ya tarar da talakan Arewa yana durƙusawa ya karɓi hukuncin da bai san dalilinsa ba, ya bar shi yana iya tsayawa ya tambayi wace doka ya karya. En'e ta tafi, ikon da take da shi ya koma gidajen gwamnati da ofisoshin jami'an tsaro, kuma wannan tambaya tana nan tana jiran duk wanda ya hau kujera. Allah Ya jiƙan Malam da rahama.